Daga ƙarar ƙudan zuma zuwa jita-jita: ina *buzz* ta dosa a Turanci?

Tambaya: Malam, ban daɗe da fara aikin fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa ba. A mako guda na ci karo da kalmar *buzz* har sau uku, kuma kowanne da inda ya nufa. Na farko: *the buzz of the generator kept us awake.* Na biyu: *there was a real buzz in the stadium.* Na uku: *the buzz is that the coach will resign.* Ƙamus ɗina ya ce ƙarar ƙwaro ce. To ina ruwan ƙwaro da filin ƙwallo, ina kuma ruwansa da murabus ɗin koci? Sannan mene ne bambancinta da *hum* da *drone* da *rumour*?

Amsa: Ƙanena, ƙamus ɗinka bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya raka ka bakin ƙofa ne ya juya. Ƙarar ƙwaron ita ce uwar, sauran ma'anonin 'ya'yanta ne, kuma idan ka gane yadda ta haife su ba za ka sake buƙatar hadda ba.

Idan ka taɓa tsayawa da hantsi a ƙarƙashin bishiyar da aka rataya amya, to ka riga ka san kalmar nan tun kafin ka gan ta a takarda. Kunnenka zai ji "zuuu" ɗin da ba ya yankewa. Idonka zai ga ƙudan zuma suna kai-komo, wannan ya shiga wancan ya fita, babu mai zama. Abin da ya fi muhimmanci kuma, duk iya sauraronka ba za ka iya nuna ƙuda ɗaya ka ce daga gare shi ƙarar take fitowa ba. Ta kowa ce, kuma ba ta kowa ba ce. Waɗannan abubuwa uku Bature ya ɗaure a kalma guda: ƙarar, da hada-hadar, da maganar da ke yawo a bakin jama'a ba a san mafarinta ba. Mu Hausawa mun raba su gida uku, kowanne da kalmarsa, shi ya sa kake jin kamar an yi maka wasa da hankali.

Bari mu fara da ƙarar, don ita ce ta fi yawan 'yan'uwa. *Buzz* kalma ce ta kwaikwayon sauti, dangin abin da masu nahawun Hausa ke kira amsa-kama, irin su "ƙirrr" da "fuuu". Ɗora yatsanka a maƙogwaro ka ja harafin z, za ka ji wurin yana rawa. Wannan rawar mai ɗan kaushi ita ce *buzz*. Ƙudan zuma yana kaɗa fiffikensa fiye da sau 200 a sakan guda, daga nan ƙarar take zuwa. Ƙuda a jikin taga, injin aski a ƙeya, wayar da aka kashe wa ƙara tana girgiza a kan tebur, duk *buzz* suke yi.

*Hum* kuwa ta fi taushi. Rufe bakinka ka ja "mmm". Yanzu toshe hancinka kana yi, za ka ji ta ɗauke cak, don ta hanci iskar take bi. Wannan shi ne *hum*, kuma shi ne abin da uwa take yi idan tana rera waƙa baki rufe tana jijjiga goyonta. Firij da dare *hum* yake yi. Haka tiransifomar unguwa idan an kawo wuta: lantarkin Najeriya da Nijar yana juyawa sau 50 a sakan, ƙarfen cikin tiransifomar kuma yana motsi sau biyu a kowane juyi, sai ka ji amo na sau 100 a sakan. A Amurka lantarkinsu sau 60 ne, saboda haka tiransifomarsu ta ɗan fi tamu siririyar murya. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin tsuntsu da ba a samunsa sai a nahiyar Amurka, mai tsayawa cak a iska yana shan ruwan fure. Amon fikafikansa ne ya sa aka raɗa masa suna *hummingbird*.

To jimlarka ta farko fa? Da marubucin ya ce *the hum of the generator*, da janaretan na can nesa ne, ko kuwa babba ne mai rufi wanda ake iya barci yana aiki. Da ya zaɓi *buzz*, yana gaya maka ƙarar tana shiga kai. Ni zan rubuta: "ƙarar janareta ta hana mu barci." Ba sai ka wahalar da kanka wajen neman kalmar da ta fi "ƙara" ba, don "hana barci" ta riga ta ɗauke nauyin.

*Drone* labarinta ya fi tsawo, kuma ina son ta. Asalinta a tsohon Turanci sunan namijin ƙudan zuma ne, wanda ba ya harbi, ba ya ɗebo ruwan fure, sai dai ya zauna a ci da shi. Daga nan ta zama sunan cima-zaune a cikin mutane, ta kuma zama sunan amo mai kauri wanda ke tafiya a layi ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar jirgin sama da ke wucewa can ƙololuwa. Idan aka ce *he droned on for an hour*, ana nufin ya yi awa guda yana zuba da murya ɗaya har mutane suka fara gyangyaɗi. Duk wanda ya zauna taron da aka ba wani babban baƙo makirifo ya san abin da ake nufi. Jirgi marar matuƙi ma sunansa ke nan. Ana danganta hakan da wani jirgi da sojojin Birtaniya suka riƙa sarrafawa ta rediyo a shekarun 1930 don koyon harbi, mai suna Queen Bee, wato sarauniyar zuma. Mutanen Agadas ba sa buƙatar a kwatanta musu amon, don sun zauna kusa da sansanin irin waɗannan jirage na Amurka har zuwa 2024 da sojojin suka tattara suka tafi.

Saura biyu ka ajiye a aljihu. Kukan sauro a kunne, wannan "wiii" ɗin siriri, *whine* ne, kuma kalmar ce dai ake amfani da ita ga yaro mai ƙorafi cikin shagwaɓa. Abin da ke juyawa da sauri kuwa, fanka ko keken ɗinki, *whirr* yake yi.

Kafin mu bar sauti, ga wata 'yar matsala ta baki. Yawancinmu muna kashe z ɗin ƙarshe mu mayar da shi s, sai *buzz* ta koma *bus*, motar haya. Wasu kuma su karkata wasalin su ce "bos", su faɗa kan *boss*, maigida. Wanda ya ja shi ya ce "buuz" kuwa ya shiga *booze*, wato barasa. Faɗe ta kusa da "baz", wasalin gajere, z ɗin kuma ya yi rawa har ƙarshe.

Yanzu jimlarka ta biyu, ta filin ƙwallo. Ka tuna yadda fili yake minti goma kafin a take wasa. Ba a fara ihu ba tukuna, amma dubban mutane kowa na magana da na kusa da shi, masu ruwa suna ratsawa, ana ta gyara zama. Daga nesa muryoyin sun narke sun zama amo guda, kamar amya. Bature ya fara kiran amon *buzz*, daga baya sunan ya tsallaka ya hau kan abin da ke haddasa amon, wato ɗokin da ke cikin zukata. Shi ya sa yau ana iya cewa akwai *buzz* a ofis ko da babu mai ɗaga murya. A Hausa, abin da ya dace ya danganta da wurin: "filin ya cika ya batse, kowa na cikin ɗoki," ko "wuri ya ɗauki harami," ko "taron ya yi armashi." Idan aka ce *the town was abuzz*, "gari ya ɗauka" ta wadatar.

*Hum* ma tana shiga nan, amma da natsuwarta. *The market was humming* na nufin kasuwa na ci, harka na tafiya yadda ya kamata, babu tangarɗa. *Buzz* kuwa akwai jiran wani abu a cikinta. Kasuwar Kantin Kwari a ranar Talata ta yau da kullum *hum* take yi. Kwana uku kafin Sallah sai ta koma *buzz*.

Akwai kuma ta mutum ɗaya. *I get a buzz from teaching* na nufin koyarwa tana sa ni nishaɗi, tana ba ni karsashi. Amma ka yi hattara, don idan aka ce mutum yana *buzzed*, musamman a Amurka, yawanci ana nufin ya ɗan sha, abin ya fara hawa kansa bai kai ga maye sosai ba. Wanda ya shigo ana cikin raha ya ɓata wa kowa rai kuma shi ne *buzzkill*.

A nan ne na taɓa cin tuntuɓe, shi ya sa nake jan kunnen duk wanda na koya wa aikin nan. Ina sabon shiga ɗakin labarai na wani gidan rediyo, aka miƙo mini labarin wasanni game da wani matashin ɗan ƙwallo, a ciki an ce *the teenager is generating a lot of buzz.* Na riga na haddace cewa *buzz* jita-jita ce, sai na rubuta cewa yaron yana jawo jita-jita iri-iri. Editan, wani dattijo mai jan biro a bayan kunne, ya karanta ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Malam, me yaron nan ya aikata? Sata ya yi ko shekarunsa ya rage?" Na ce babu ko ɗaya, ƙwallaye yake ta ci. Ya ja layi a kan jimlata, ya rubuta kalma biyu a sama: "yana tashe." Da labarin ya fita yadda na rubuta shi, da na shafa wa yaro baƙin fenti alhali yabonsa ake yi.

Abin da na koya ranar shi ne *buzz* ba ta ɗauke da zargi. Cewa kawai take yi ana ta magana, kuma galibi maganar ta sha'awa ce. Kamfanonin talla ma nemanta suke yi ido rufe. Google ya taɓa fito da wani dandalin sada zumunta mai suna Google Buzz a 2010, bai kai shekara biyu ba aka rufe shi, sunan dai bai cece shi ba. Shafin BuzzFeed, wanda aka kafa a 2006, daga nan ya samo nasa. Idan kuma masu kaya ne da kansu suke hura wutar maganar, suna zuzuta abin fiye da ƙimarsa, to wannan *hype* ne, kambamawa. *Buzz* daga bakin jama'a take tasowa, *hype* kuwa turo musu ita ake yi. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san kalmar ta wata ƙofar, don Faransanci ya are ta: *faire le buzz* shi ne abu ya karaɗe intanet, har suka ƙirƙiro *bad buzz* ga wanda ya yi suna ta hanyar abin kunya.

Jimlarka ta uku ce kaɗai ta shiga gonar jita-jita, kuma alamarta a fili take: *the buzz is that*, sai bayani ya biyo. Duk inda ka ga an faɗi abin da ake cewa, to magana ce mai yawo. Ko a nan ma ni ba zan yi saurin cewa "jita-jita" ba. Zan fi son "ana raɗe-raɗin cewa kocin zai ajiye aiki," ko "ana ƙishin-ƙishin." Dalili kuwa, a kunnen Bahaushe jita-jita ta riga ta karkata wajen ƙarya. Da ka ce "jita-jita ce," kamar ka ce "kada ka yarda." Raɗe-raɗi kuwa yana barin ƙofa a buɗe, mai sauraro ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza. Wannan shi ne nauyin *buzz* a jimlar.

*Rumour* ita ce jita-jita sosai. Birtaniya da mu muna rubuta ta *rumour*, Amurkawa suna cewa *rumor*, duk abu ɗaya ne. Abin sha'awa, ita ma daga ƙara ta fito, don a Latin *rumor* hayaniya ce da maganar gari. Faransanci har gobe yana cewa *le bruit court*, a zahiri "ƙara tana gudu," idan ana nufin magana na yawo. Haka *murmur*, wadda ita ma Latin ce: maganar ƙasa-ƙasa, kuma *murmurs of discontent* shi ne gunaguni ya fara tashi a cikin jama'a. Sai dai idan ka ga *heart murmur* a labarin lafiya kada ka ce zuciya na gunaguni. Wani sauti ne da likita ke ji da abin sauraron ƙirji lokacin da jini ke wucewa ta cikin zuciya.

*Gossip* daban take da duk waɗannan, don ita a kan mutum ake yin ta, a bayan idonsa. Gulma ce, tsegumi ne. Ana iya yin *rumour* a kan farashin man fetur, amma ba a yin *gossip* sai a kan auren wane da bashin wance. Asalinta *godsibb* ne a tsohon Turanci, mutumin da ya tsaya wa jariri a wajen baftisma ya zama kamar ɗan'uwa, daga nan ta koma aminan da ke taruwa a ɗakin mai haihuwa, daga nan ta koma hirar da suke yi. An ɗora wa mata laifin a tarihin kalmar, amma wanda ya taɓa zama a majalisar maza bayan la'asar ya san ba a bar su a baya ba.

*Hearsay* kuwa ka riƙe ta da hannu biyu, don kalmar kotu ce. Ita ce shaidar "an ce": mutum ya faɗi abin da wani ya gaya masa, ba abin da ya gani ko ya ji da kansa ba. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta yi bayaninta a sashe na 37, sashe na 38 kuma ya ce ba a karɓar ta sai a wuraren da doka ta keɓe. Idan lauya ya miƙe ya ce *that is hearsay*, ba cewa yake yi shaidan maƙaryaci ne ba. Cewa yake yi ba ganau ba ne, jiyau ne. Hausa ta ba ka waɗannan kalmomi biyu kyauta, ka yi amfani da su. Na sha ganin an fassara wurin da "lauya ya ce jita-jita ce," wanda hakan ya canja abin da ya faru a kotun.

Akwai wasu guda uku da za ka riƙa gamuwa da su jefi-jefi, kuma labarinsu yana da daɗi. *I heard it through the grapevine* na nufin na tsinci maganar a bakin mutane. *Grapevine* itacen inabi ne mai yaɗo, kuma salon maganar ya bazu ne a Amurka wajen zamanin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, lokacin wayar tangaraho tana sabuwa. Labarin hukuma yana bin miƙaƙƙiyar waya, na talakawa kuma yana bin tasa wayar mai lanƙwasa kamar yaɗon inabi. *Scuttlebutt* ta ma'aikatan jirgin ruwa ce: gangar ruwan sha da aka huda, inda matuƙa ke haɗuwa su sha ruwa su yi gulma, har sunan gangar ya koma sunan gulmar. Mutanen Ostireliya kuma suna da *furphy*, labarin ƙanzon kurege, daga sunan kamfanin Furphy da ke ƙera amalanken ruwa waɗanda sojojinsu ke taruwa a gindinsu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ka ga biyu daga cikin ukun a bakin ruwa aka haife su, kamar dai yadda labarin unguwa yake fara fitowa daga layin famfo. A ƙasashen Afirka masu Faransanci kuwa sunanta *radio trottoir*, rediyon gefen titi.

Tunda kana aiki da jaridun gida, ka kula da *gist*. A Turancin Najeriya *gist* hira ce da ɗan tsegumi, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da wannan ma'anar a watan Janairun 2020 cikin kalmomi 29 na Najeriya, tare da *Kannywood* da *okada*. Amma a Turancin Ingila da Amurka *the gist* gundarin magana ne. Idan Bature ya ce maka *give me the gist*, taƙaitawa yake nema, ba labarin maƙwabta ba.

Ragowar 'ya'yan *buzz* ba su da wuya. *Give me a buzz* shi ne ka buga mini waya. *Buzzer* ƙararrawar lantarki ce, irin wadda ake dannawa a gasar kacici-kacici ko wadda ke tashi idan lokaci ya cika a ƙwallon kwando. *Buzzword* kalmar yayi ce da kowa ke cusawa a jawabi ko ya san ma'anarta ko bai sani ba, kuma takardun ƙungiyoyin agaji da za a riƙa kawo maka cike suke da su. *Buzz off* kora ce ta raini, kamar ka ce "ɓace mini da gani," don haka kada ka gwada ta a kan wanda ya girme ka. Idan kuma ka ga sunan Buzz Aldrin, wanda ya taka duniyar wata tare da Neil Armstrong a 1969, ka bar shi yadda yake. 'Yar'uwarsa ce tun suna yara ta kasa faɗin *brother* take cewa *buzzer*, gida suka gajarta shi, ya bi shi har sama.